Dankali Ba Ya Cikin Biyar

A Spalding, ranar Talata, yayyafi na bin gilashin taga,
ina zaune gaban nas, hular sanyi a kan gwiwata.
Ta ɗaure min dantse, robar ta kumbura, ta saki.
Ta dubi lambar, ta ɗan tsuke baki.
Ta ce, Malam Tanko, kayan lambu fa?
Biyar ake so a rana. Ƙirga min na jiya.

Na ware yatsu da ƙarfin gwiwa.
Da safe soyayyen dankali, ɗaya.
Da rana dafaffe, a kwanon da nake tafiya aiki da shi, biyu.
Da dare Asabe ta yi fate, shi ma dai...
Ta ɗaga biro ta tare ni.
Wai duk wannan ko ɗaya bai kai ba.

Ko ɗaya!
Ni da na tashi a Bokkos,
inda babana ke binne iri a kunya tun ruwan farko,
ya yi ganye, ya fid da fure fari tas,
mu tone shi, jar ƙasa ta kwana a farcenmu.
Abin da aka yi wa noma, aka yi wa taki,
yau an ce ba ɗan lambu ba ne.

Ta jawo takarda mai hoton faranti
an yanka shi unguwa-unguwa.
Kabeji, karas, tumatir, suna zaune a kore.
Shi kuwa an kai shi rawaya,
maƙwabcin burodi da shinkafa da taliya.
Ta ce ba laifi ya yi ba,
yana da amfaninsa, balle idan an bar masa ɓawo,
sai dai a faranti gurbin sitaci yake tarewa.
Na ce a raina, ashe tuwo ne shi, ba miya ba.

Na ce, doya fa? Ta girgiza kai.
Rogo? Ta sake girgizawa.
To wancan mai zaƙi, mai jan baya?
Ta ce yawwa, shi yana ciki.
Dariya ta ƙwace min har na ƙware.
Ta ina zan fara yi mata bayani
cewa mu can gida wannan ne dankalin Turawa,
wancan kuma dankalin Hausa?
Ga shi Turawa sun tsallake nasu,
sun ƙirga namu.

Daga nan bas ɗin ƙarfe biyu, sai kamfani.
Bel na gudu, dankali na birgima kamar garken da aka koro.
Babba na gashi ne, matsakaici ya shiga leda,
mai kore ko mai tabo a jefa a akwatin dabbobi.
Awa takwas ina yanke musu hukunci da safar hannu,
ban taɓa tambayar ko ɗaya abin da yake ganin kansa ba.
Rasa, 'yar Lituwaniya da ke damana,
na ba ta labari a lokacin shayi.
Ta ce kakarta da shi ta raini 'ya'ya bakwai,
a je a gaya wa kabarinta.

Da na koma gida Asabe ta saurara tana yanka albasa.
Ba ta ce komai ba.
Ta buɗe firij, ta ɗauko alayyafon da ya kusa yaushi,
ta zuba hannu biyu a tukunya,
ta bi shi da karas, ta ajiye lemo gefen kwanona.
Ƙaramarmu Jidda, mai kawo irin takardun nan daga makaranta,
ta hau kujera tana lissafi: ɗaya, biyu, uku.
Baba, saura biyu.

Na sa cokali har ƙasan kwano.
Yana nan, ya narke, ya riƙe romo,
duk ganyen nan a bayansa suke zaune.
Na ce, Jidda, bar shi kawai,
idan ana ƙirga baƙi ba a sa mai gida.
Ta ce, Baba, duk da haka saura biyu.