Dangin Yauƙi

A kan allo Mushe Mani ya ja wata doguwar kalma,
alli na kuka a hannunsa: Malvaceae.
Ya ce tushenta malva ne,
wani tsiro mai fure a bakin Rumawan da,
wasu masana kuma na zaton ta sha nono
a kalmar Girkawa mai nufin laushi.
Jelar da aka ɗaura mata a ƙarshe
shaidar gida ce, kamar zanen fuska.

Sai ya shiga kiran 'yan gidan:
kuɓewa, rama, lalo, yakuwa,
auduga, goro.
Da ya ce kuka, aji ya tuntsire.
Kukar Mirriya, wadda mu shida
muka kasa kewaye ta da hannu,
ita ce yayar kuɓewa?

Na naɗe kayena na bi ta Zango,
na iske Goggo Tasalla a kasuwar Dole
tana korar ƙuda daga kan faifai.
Na karanta mata, harshena na tuntuɓe.

Ba ta ɗago ba.
Ta tsinci garin kuka, ta ɗiga masa ruwan buta,
ta murza, ta buɗe yatsu biyu.
Wani zare kore ya miƙe tsakaninsu,
yana rawa, bai tsinke ba.
Ta ce, "Sai da kuka biya kuɗin lakwal
kafin a gaya muku wannan?
Tukunya ta riga allo sani."

Na ce har da goro, Goggo.

Nan hannunta ya tsaya.
"Goro? Shi da ba ya yauƙi,
shi da sai an yi kwanaki a mota kafin a ga itacensa?"
Ta ciro ɓarin da ke ƙulle a haɓar zanenta,
ta juya shi kamar mai neman kama a fuskar jariri.
"To, kowane gida da nasa Ilu."

Ilu ƙanenta ne.
Ya bi fataken kurmi tun ba a haife ni ba.
Wasiƙarsa ɗaya na nan cikin adaka.

Da dare, rana ta bar zafinta a duwatsun Birni,
muka zauna a kan tuwon hatsi.
Na ɗaga loma.
Miyar ta biyo ni daga akushi har baki,
siririya, ta ƙi saki.
Goggo ba ta ci goro ba ranar.