Ramin Bayan Gonar Koko

Daga Aboabo muka hau toro-toro, gari bai gama wayewa ba,
ni da Adusei mai gyaran janareta.
Igiya sabuwa daga Kejetiya, tocila biyu, dokunu a ganye,
da 'yar lambar tagulla a aljihuna:
ɗari huɗu da sha takwas.
Ita kaɗai kakana Nomau ya bari,
ita da labarin tarin da ya kai shi kabari.

Mutumin Bilma ne, gadonsa haƙar gishiri.
Ya biyo goro kudu,
goro ya miƙa shi ga masu zinari,
su kuma suka miƙa shi ga duhu.

Can wajen Kumasi, inda kwalta ta gaji ta tsaya,
bakin ramin na nan, saiwoyi sun yi masa gemu.
Allon gargaɗi ya ci tsatsa,
ƙoƙon kan da aka zana saura haƙora.
Adusei ya tsiyaya ruwa a ƙasa, ya kira kakanninsa.
Na yi bisimilla.
Kowa da mabuɗinsa, ƙofar ɗaya ce.

Matakala ta sha tara babu ita.
Ƙafata ta lalubi iska,
igiya ta karɓi rantsuwar da mai shago ya yi mini.

A ƙasa akwai sanyi irin na randa.
Jemagu suka tashi, suka zage mu, suka koma.
Ga siririn dogo, ga tarago a kife,
ga takalmin roba wari guda, na ɗan galamse,
bai ma tsufa ba.
Ban tambayi inda ɗan'uwansa yake ba.
Ruwa na ɗiga daga sama, ɗis, ɗis,
kamar mai ƙirga kwanakin wani.

Sai wani lungu da takardar Adusei ba ta sani ba.
Muka shiga a durƙushe, muka miƙe cikin ɗaki.
Ba aikin nakiya ba ne, hannu ne da kurfi da haƙuri.
Daɓe a daidaice, sahun mutum biyar,
an fafe alkuki a bango, tsayin ƙirjin liman.
Masallaci, gaba sittin ƙarƙashin koko!

A gefe, ajami da baƙin fitila:
Nomau na bin Jibo sule uku.
Jibo ya biya ɗaya.
Ƙasa da haka raƙumi, zanen ƙusa, ƙafarsa biyar.
Ko hannu ne ya zame, ko fitila ce ta mutu.

Na yi dariya, ramuka uku suka mayar mini da ita.
Na zo neman asiri,
na tarar da bashi.

Adusei ya ɗaga waya, kibiyarta ta yi rawa ta tsaya.
Alkukin ya kauce wa alƙibla,
ya karkata arewa da kamu guda.
“Ƙarfe ne ke ruɗa ta,” in ji shi,
don ya rufa wa matattu asiri.
Wataƙila.
Amma wanda Kaza da 'ya'yanta suka yi wa jagora a rairayi,
a nan wace tauraruwa zai tambaya?
Ya tambayi ƙirjinsa.
Ƙirjin ya nuna masa gida.

Na yi raka'a biyu inda suka fuskanta,
Allah ya san gabas ɗinsa.
Da na sallame sai na ce da bangon:
Jibo, ko kana ina, ni ne magaji.
Sule biyun nan na yafe.

Mun fito ruwa na zuba a ganyen koko,
hasken duniya ya yi mana yawa.
Muka raba dokunu a gindin ayaba.
Adusei ya ce, “Ina tagullar?”
Na shafa aljihu don ya gani.
Tana can cikin alkuki,
kusa da ƙafar raƙumin ta biyar.