Na Uku Ya Fito

Ranar Laraba kwalin ya iso daga Kano,
kwafi sittin, warin tawada bai sake su ba.
Kafin a sauko Juma'a saura tara a teburina,
nan 'Yar Kutungu, gefen mai gyaran agogo.

Shekara huɗu muna jiran Tasalla,
'yar leƙen asirin da ke kwance inuwarta kamar zane,
ta tura ta ƙarƙashin ƙofar sarkin aljanun ruwa
ta jiyo abin da ake ƙullawa.
A na farko ta sato hatimi.
A na biyu aka sare wa inuwar hannu.
A na uku fa? Inuwa ta tafi aike, ta ƙi dawowa.
Shi ke nan.

Dakta Mannir na jami'a ya rubuta a jarida
cewa tuwo ya yi, miya ce ba gishiri,
wai gajiya ta sa aka saki zare tsakiyar saƙa.
Wata a rediyo ta ce a'a,
ba ta taɓa ganin an rufe labari da ƙarfin hali haka ba,
muryarta har rawa take, sai aka sako tallar takin zamani.

Mati tela ya dawo mini da nasa,
wai in duba ko maɗaba'a ta cinye babi guda.
Na duba. Ba ta ci komai ba.
Ya karɓi kuɗinsa.
Da la'asar ya aiko yaro ya sake saya.

Ita kuwa Indo Batagarawa, mai littafin,
ta zo Asabar sayen batirin agogo.
Ba wanda ya gane ta sai ni.
Tana tsaye ɗalibai biyu na musu:
wannan ya ce ta ci amanarmu,
wancan ya ce kai dai ba ka iya karatu ba.
Ta karɓi canjinta, ta ce, "Yaya kasuwa?"
Na ce saura biyu.

Ni ba ni da digiri, ba a kuma tambaye ni ba.
Amma matata ta rasu tsakanin na biyu da na uku.
Ita ke karanta mini da dare, idona ba ya jure fitila.
Wannan ni kaɗai na bi shi, layi-layi, da yatsa.
Da na kai inda Tasalla ta tsaya a rana tsaka,
ƙasa fayau a ƙarƙashinta, ba baƙi ko ɗigo,
ta kuma ɗauki tulunta ta nufi rijiya,
ban ji inda gishiri ya gaza ba.