Nauyin Dalma

Ranar Lahadi motar ta ƙi ni,
a ƙofar gida, Rumde Aja, bayan asuba.
Na murɗa makulli, ta yi tari sau biyu, ta yi gum.
Buhun albasa goma sha ɗaya a baya,
kasuwar Pitowa kuwa ba ta jiran kowa.

Yaran layi suka tura ta tashi,
na ba su dala ashirin-ashirin.
Jiya ma haka. Shekaranjiya haka.
Ƙaraminsu, mai giɓi, ya ce, "Kawu,
mun fi batir araha ne?"

Da Litinin Baffa Siddi ya ce zai bi ni.
Shekara talatin yana jan motar auduga
daga Garwa zuwa Gaundare,
yanzu yana ta rufe masa idanu biyu,
sai da hannuna yake tsallake kwata.
Na ce, "Baffa, me za ka gani?"
Ya ce, "Wa ya ce maka gani zan je yi?"

A rumfar Ɗanliti guda uku aka jera mana.
Na fari ja ne, yana sheƙi kamar goro ɗanye,
jiya ya ƙetaro daga Mubi, in ji mai shi.
Na biyu gwanjo, an wanke masa fuska.
Na uku baƙi, ba ado,
an saro shi daga ƙarƙashin kanta.
Raina ya riga ya tafi wurin jan.

Baffa ya naɗe hannun riga.
Ya ɗaga jan, ya aje da sauri:
"Wannan ko jikata za ta kai shi gida a ka."
Ya shinshina gwanjon, ya kau da kai.
Baƙin ya sa shi nishi,
jijiyar wuyansa ta miƙe.
"To. Dalma ke tada mota, ba fenti ba.
Karanta mini ranar haihuwarsa."

Na duƙa, na goge, na karanta: wata huɗu.
"Madalla. Wanda ya shekara a rumfa ya tsufa a zaune.
Zafin garin nan shanye musu ruwa yake,
bazara biyu, sai ka ga ciki ya kumbura."
Ya zaro igiya daga aljihu, mai ƙulli biyu,
ashe da dare ya auna tsohon.
Tsawo ya yi. Faɗi ya yi.
Ya lalubi kawunan da babban yatsa:
"Mai kaurin yana dama, kamar namu.
In ya koma hagu wayarka ba za ta kai ba.
Saba'in aka rubuta?" Saba'in.

Ɗanliti ya ce jaka hamsin da biyar.
Baffa ya tambaye shi lafiyar mahaifinsa,
da wace shekara aka yi ambaliyar Binuwai,
da ko har yanzu ana samun shayi a bayan tasha.
Kafin azahar mun tsaya a arba'in da takwas,
da takardar wata shida, da hatimi.
"Ku bar mini tsohon, in rage biyar."
Na buɗe baki.
Baffa ya taka mini ƙafa.

Washegari yaran suna nan, sun jeru,
har sun tofa yawu a tafi.
Murɗa ɗaya, ta ɗauka.
Mai giɓin ya dube ni
kamar na ci masa bashi.

Tsohon batirin yana ɗakin Baffa yanzu,
kan bulo biyu, gefen buta.
Duk Juma'a ina kai shi caji.
Yana riƙe rediyo har tsakar dare,
da ƙwai ɗaya da Baffa ba ya gani,
amma ba ya yarda a kashe.
Ya ce don masu shigowa.