Lanƙwasa

Saura kwana tara a duba wata,
kwalabena ɗari biyu da arba'in na jere a ƙarƙashin gado,
kowace cike da turare, kowace tsirara.
Na yafa gyale, na nufi Ƙofar Ƙaura,
shagon Lurwanu mai buga takardu,
inda janareta ke tari tun daga bakin ƙofa.

Ya juyo mini da fuskar kwamfuta.
"Zaɓi, Hajiya Barira. Kowa na Sallah yake nema."

Ashe baƙaƙe ma suna ɗinkin Sallah.
Ga wani ya sha aiki kamar wuyan babbar riga,
ga wani siriri yana layi, sai ka ce ya makara sahur.
Wani kuwa kowane harafinsa ya ɗauko jinjirin wata a ka
kamar mai tallar fura.
Wani ya yi ƙiba ya zauna daɓas,
irin wanda ake hana fitsari da shi a jikin katanga.
Na ce, wuce.

Sai ga shi.
Ruwan zinariya, mai jela,
yana tafe kamar hayaƙin kasko in an rufe taga.
Na ce, tsaya nan, wannan ya san sana'ata.

Ya buga sunan da na raɗa shekara shida da suka wuce,
ranar da na fara daka kajiji da farce
a turmin aro:
Maraba da Baƙi.

Na duba. Na goge tabarau da bakin gyale, na sake dubawa.
Maraba da Baki.

"Ina lanƙwasar?"
Ya danna nan, ya danna can,
sai wani akwati ya fito wayam a tsakiyar kalma
kamar gurbin haƙori.
"Wanda ya zana shi bai san da zamanmu ba, Hajiya.
A bar shi haka. Ai kowa zai gane."

Kowa zai gane.
Lantana mai humra ce za ta fara ganewa,
ta kai shi gidan suna, ta kai shi gidan biki:
Barira ta koma sayar da maganin warin baki.
Ga kuma Malama Dije ta aji biyu a Rafindaɗi,
Allah ya jiƙanta,
tana ƙwanƙwasa allo da alli:
ɗan ƙugiyar nan shi ya raba
ƙasar da kuke takawa da kasar da ke sara.

Ya nemo mini mai lanƙwasa.
Yana da ita, gaskiya,
amma fuskarsa ta katin asibiti ce.
Wa zai buɗe wannan ya sa ran ƙamshi?

Na yi shiru har aka kira la'asar.
Na ce, buga mai jelar.

A hanya na tsaya 'Yar Kutungu,
na taya alƙalami mai ruwan zinariya,
na saye shi da tsada, don mai shi ya ga idona.

Bayan asham muka baje tabarma, ni da Suwaiba.
Takarda ɗaya, lanƙwasa ɗaya.
Tata tana leƙe kamar wuyan zabuwa,
tawa ta sunkuya kamar lauje.
Wata ta zarce, wata ta gaza,
ɗaya tawada ta ɗiga mata hawaye, muka ce ta gida ce.
Babu biyu da suka yi kama,
haka ma turaren, in za a faɗi gaskiya.

A ta ɗari da saba'in da uku barci ya sace Suwaiba,
zinariya a kumatunta.
Na zare alƙalamin daga yatsunta a hankali.
Can wajen Filin Samji mai gangar sahur ya fara,
ban ɗora ko ruwan zafi ba,
ga baƙi sittin da bakwai
suna jira a ba su hula.