Gwiwar Hagu

Shekara sha ɗaya ke nan
da Ɗan Mirya ya murɗe ni a filin kokawa.
Na ji ƙas! kafin in ji ƙasa.

Likita Kyari ya yanko jijiya daga bayan cinyata,
ya huda ƙashi, ya zura, ya ɗaure,
ya ce ta fi ta da ƙarfi.
Bai yi ƙarya ba, igiyarsa na nan.
Guringuntsin tsakani ne ya cinye,
ƙashi na cin ƙashi
kamar dutsen niƙa da hatsi ya ƙare masa.

Yanzu gwiwa ke riga ladan tashina.
Daga duwatsun Birni zuwa Kasuwar Dole
sau uku nake tsayawa,
in yi kamar gaisuwa ce ta tsai da ni.
A masallaci kujerar roba aka ba ni
kusa da Malam Zabairu mai shekara tamanin.
Ni talatin da takwas.

Jiya autana Ciroma ya kama ƙafata a tsakar gida.
Faɗuwar da gangan na yi.
Tashin ne ya daɗe,
shi kuwa yana ta kirari a kaina.