Kirfa da Reza

Kwana tara ke nan rana ba ta leƙo Dogon Dutse ba.
Shanya ta ƙi bushewa, gishiri ya jiƙe a kwalba,
bangon ɗaki yana gumi cikin sanyi,
ni kuwa kowace safiya, buta a hannu,
sai bakin taga,
ina ɗura wa furen Kyauta ruwa
kamar mai tsoron jinjiri ya yi kuka.

Okid ta ce sunansa, ran da za ta koma Abuja.
"Mama, ki kula min da shi."
Na kula. Allah ya sani na kula,
har na wuce gona da iri.

Ganyen ƙasa ya fara yin ɗorawa, na ce tsufa ne.
Sai baƙin tabo a gindi.
Na danna, yatsa ya nutse
kamar a tumatirin da ya kwana uku a Farin Gada.
Warin kuwa na san shi.
Shekara talatin da ɗaya ina wanke gyambo a asibiti;
ni na yi ritaya, hancina bai yi ba.

Na naɗe kaskon a zani, sai hanyar Lamingo,
inda Baba Davou ke zaune cikin shukokinsa da hular sanyi.
Ya zazzage shi a kan tsohuwar jarida.
Saiwoyin da ya kamata su yi tauri
sun yi laɓo-laɓo; ka ja, fata ta zame, zare ya rage.
"Sista," ya ce, "a daji kan itace yake zama, ƙafarsa a iska.
Ruwa ya zo, su gaisa, ya wuce.
Ke kin shimfiɗa wa baƙo tabarma ya kwana,
shi kuma ya gayyato fumfuna."

Ya zaro wuƙa. Na ce a'a, wannan aikina ne.

A gida, kan teburin cin abinci,
na ƙona reza a wutar risho, na yanka.
Na sake ƙonawa, na sake yanka,
na wuce baƙi, na wuce ruwan ƙasa,
sai da na tarar da kore mai rai na tsaya.
Rage ruɓa ba tausayi ba ne;
sau nawa na faɗa wa masu jinya haka
suna riƙe da gefen rigata?
Saiwa goma sha huɗu, uku suka tsira.

Kirfar shayina na barbaɗa a bakin yankan ganye,
ban da saiwa, in ji Baba, ƙona ta take.
Tsohon cikin kaskon na zubar bayan katanga.
Sabo mai huda-huda kamar gwagwa,
ɓawon itace, ɗan gawayi,
taga a buɗe faɗin tafin hannu.

Yau mako uku.
Na daina tambayar agogo, kaskon nake ɗagawa.
In da nauyi, in ajiye, in wuce.
In ya yi sakayau, da safe kaɗai, ta gefe,
ɗigon da ya faɗa tsakiyar ganye kuma
in tsane shi da auduga.

Yankan bai ba ni wuya ba.
Butar ce.
Hannuna yana ƙaiƙayi in na wuce ta,
irin ƙaiƙayin da ke kai shi ga waya sau huɗu a yini:
kin ci abinci? kin rufe ƙofa? wa ke magana kusa da ke?

Jiya ita ta kira, da kanta, bayan magariba.
Muka daɗe. Can ta ce, "Ya furena?"
Na matsa bakin taga da tocila.
A ƙarƙashin tabon kirfa wani ɗan kore ya tsiro,
bai kai ƙwayar shinkafa ba.
Na ce, "Yana nan."
Ban ba ta labarin sha ɗayan ba.
A waje ruwa ya sake tsinkewa a kan kwano.